Kada A Aika Kalgo

"Adda! Adda! Inna Kubura ta faɗi bakin marina!"

Ina tsakiyar surfe yarinyar ta faɗo gida a guje, ƙwaryar tallarta a hannu, faifan ya karkace. 'Yar farina ce. Sunanta ba ya fita a bakina, kun san al'adarmu, ita ma Adda take ce mini kamar wata yayarta. 'Yan unguwa kuwa Nana suke kiranta. Na jingine taɓarya na bi ta ɓarakar dangar da ta raba gidanmu da na tsohuwar, ko mayafi ban tsaya ɗauka ba.

Ina shiga sai ga maigidana, Malam Siddiƙu, shi da wani marini abokin aikinsa sun shigo da ita ranga-ranga. Hannuwansu duk baba, har sun shafa mata shuɗi a kafaɗa. Wata mata ta biyo su da farantin ƙuli-ƙulinta, rabi ya sha ƙasa. Muka shimfiɗe ta a tabarma, na yayyafa mata ruwa. Can ta buɗe ido ta bi mu da kallo ɗaya bayan ɗaya.

"An tashi makaranta?" Abin da ta fara tambaya ke nan.

Maigidana ya ce, "Da saura, Inna. Bari a kira Huseina."

"Kul! Duk wanda yat tahi makarantag ga ban yahe mai ba. Jiri na kawai. Ku koma ga aikinku, baba na jiran ku."

Maza suka fita suna waiwaye. Sai ta kamo wuyan hannuna. Tsohuwar da yanzun nan aka ɗauko kamar tsumma, amma riƙon nan sai da na ji shi a ƙashi.

"Rahmatu, ki ji ni da kyau. Kada a aika Kalgo."

"Haba Inna, ɗanki na fa."

"Na san ɗana na, ni na haihe shi. Kwana ashirin da shidda sunka rage. Ki yi mani alkawari."

Na yi mata. Da bakina na ce na yi, ba wanda ya shaƙe ni.

Bari in gaya muku abin da ke cikin kwana ashirin da shidan nan. Huseina jikarta ce, 'yar babban ɗanta Sambo. Sanƙarau ya ɗauke Sambo da matarsa a bazara guda, ya bar wa tsohuwa yarinya 'yar shekara bakwai. A shekarar ne dogarin hakimi da wani malami mai babban littafi suka bi Gwandu unguwa-unguwa suna rubuta yaran da za a kai boko, wai Turawa sun ce har da mata. Masu hali na cikin gari sun san ranar tun da wuri, suka watsa nasu ƙauyuka. Mu na bayan marina wa zai gaya mana? Ni dai na ji sallamarsu a gidan gaba, na cusa tawa cikin rumbu na rufe, ta wuni can tana atishawa. Inna Kubura ba ta da rumbu. Aka rubuta Huseina, tsohuwa ta bi dogari har ƙarshen lungu tana kuka tana tsine masa.

Ba a yi shekara biyu ba ta juya. Wata malamar asibiti ce ta zo daga Sakkwato duba masu ciki, Bahaushiya kamar ni da ku, Inna ta raka wata mata wurin. Ta dawo ta leƙo ta danga idonta waje.

"Rahmatu, yau na ga abu. Mace zaune bisa kujera tana rubutu, ƙato na ɗaukar mata jaka. Ba komi bisa kanta sai ɗankwali!"

Daga ranar ta hana Huseina taɓa faranti. A unguwarmu kuwa gidan da ba yarinyar talla ba ya ɗora tukunya, don mu matan aure ba mu fita, yaranmu ne ƙafafunmu. Sai tsohuwa ta ce ita ce ƙafar kanta. Ta soya ƙuli, ta matse mai, ta ɗora a ka, ta bi marina da mahauta da bakin kasuwa, 'yan mata sa'o'in jikarta suna yi mata dariya. Ni ma ban raga mata ba. Nakan ce, "Inna, a ba ni ƙuli, ko sai Malama ta sa hannu?" Ita kuma ta ce, "Yi dariyarki, uwar 'yar rumbu."

To, a bana Huseina ke aji huɗu. Malaminsu, Malam Abdulgani, ya ce in ta ci jarrabawar ƙarshen shekara za a ɗauke ta makarantar kwana ta 'yan mata, ci da sutura duk na hukumar En'e. In ta rasa zaman nan kuwa shi ke nan, ba a maimaita wa 'yar shekara goma sha ɗaya. A can Kalgo kuma akwai Basharu, autan Inna, yana noman shinkafa a fadama. Sau biyu yana zuwa ya kwashe su, tana ƙi. Ta san abin da yarinya ke yi a fadama in kaka ta yi. Ana kafa mata rumfa mai tsayi a tsakiyar gona, ta hau tun asuba, ta yi ta ihu tana jan igiyar gwangwanaye tana wurga majajjawa don korar tsuntsayen jan-baki, ba ta sauka sai magariba. Tsohuwa tana raye Basharu ba zai iya ƙwace mata jika ba. Amma in ya zo ya ishe ta kwance, shi ne baffa, shi ke da iko.

Kwanakin farko mun ɓoye abin yadda ta so. Ni ke dama mata kunu, ni ke kai musu tuwo. In mata sun shigo dubiya sai ta sa in jingine ta da bango, ta gyara ɗankwali, ta yi ta zuba surutu kamar ba ita ba. Suna fita ta sulale tana haki. Rana ta uku Huseina ta tashi da safe ta ɗauki farantin nan za ta fita da sauran ƙuli. Yarinya ce shiru-shiru, doguwa, mai yawan sunkuyar da kai. Na shigo na tarar tsohuwa tana dukan tabarma da muciya.

"Aje shi! Na ce ki aje!"

"Inna, ba gero a gidan ga."

"Ke ka ciyar da ni? Ɗauki allonki ki ba ni wuri, 'yar banza mai kan kwakwa."

Huseina ta ajiye, ta ɗauki jakarta ta fita tana share hawaye da gefen zane. Tsohuwa ta kasa kunne har takunta ya ɓace, sannan ta ce in miƙo mata kasko. Abin da ta tofar a ciki jini ne.

Ran na bakwai ta suma a hannuna da hantsi. Na jijjiga, na kira, na zuba ruwa, shiru. Da ta farfaɗo ba ta gane ni ba, sai ta kira ni da sunan wata ƙanwarta da ta rasu tun ban zo duniya ba. Matan unguwa suka cika ɗaki. Maimuna matar liman ta ja ni gindin turmi.

"Rahmatu, an aika ma ɗanta?"

"Ta ce kada a aika."

"Ta ce! Maganar majinyaci kika bi? In ta cika ɗanta bai gan ta ba, mi za ki ce mai? Ke ab bakin danga, ke za a tambaya."

Ba maganar Maimuna ce ta karya ni ba, kada in ɗora mata. Tawa uwar a Maruda ta rasu, nan kusa, tafiyar safiya guda. Ta yi kwana tara tana jinya ba wanda ya gaya mini, sai bayan an rufe ta aka aiko. Shekara goma sha uku ke nan, har yau abin bai bar raina ba. Na dubi tsohuwar nan kwance baki buɗe, na ce a raina ni ba zan yi wa ɗan wani abin da aka yi mini ba. Na san Lawali mai jakai zai kai rinannun zannuwa Kalgo washegari. Na kira yarinyar wajena.

"Ke, tahi ki ce ma Lawali, in ya isa Kalgo ya nemi Basharu manomin shinkafa, ya ce mai innarshi na jin jiki."

Ta tsaya tana kallona. "Adda, ba Inna ta ce..."

"Zan ci ƙaniyarki! Wuce ki tahi."

Ta tafi. Ita na aika, da ƙafarta ta kai saƙon.

Abin haushi, washegari sai ga Inna ta dawo hayyacinta garau, har ta sha kunu rabin ƙwarya, ta tambaye ni kwana nawa suka rage. Na ce goma sha takwas. Ta yi murmushi ta ce, "Za mu kai." Na fita bayan ɗaki na yi kuka, don Lawali ya riga ya yi nisa.

Kwana biyu zuwa, kwana biyu dawowa. Ran na goma sha ɗaya da la'asar muka ji sallamar namiji a ƙofa. Basharu ya shigo jaye da jaki, ƙafafunsa sun tsage har suna jini, rigarsa ta manne da baya. Ba mugun mutum ba ne, kada ku ɗauka haka. Yana ganin uwarsa ya durƙushe ya fashe da kuka kamar yaro.

"Inna, ashe haka kinka koma ba a gaya mani ba?"

"Wa yak kira ka?"

"Inna..."

"Na ce wa yak kira ka."

Ta juyo da kai a hankali ta dube ni. Ba ta zage ni ba. Wallahi da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Ta mayar da ido kan ɗanta. "Tunda ka zo, ka ji. Ka bar mani yarinyag ga ta zauna jarrabawa."

"Inna, ki ji da jikinki tukuna."

"Jikina ya gama nashi. Ka ce ka bari."

Ya sunkuyar da kai, ya daɗe yana murza hularsa. "Inna, shinkafa ta yi nono. Bara jan-baki sunka cinye mani rabin gona cikin kwana ukku, mun ci rama har anka gaji da ganinmu. Yanzu haka matata Hajara na baro bisa rumfa da cikin wata takwas. Ɗiyana ƙanana na, ko igiya ba su iya ja. Ɗiyar yayana ta, ba baiwa zan mai da ita ba. Kwana arba'in kawai, a yi yanka, in maido ta."

Tsohuwa ta yi wata 'yar dariya da ta koma tari. Da ya lafa ta ce, "Ni ma da anka kai ni gidan goggona ɗibar ruwa, wata guda anka ce. Ina shekara shidda. Sai ran nan bakin marina na aje kayan."

Basharu bai ce ya bari ba, bai ce bai bari ba. Ya tashi ya ce zai yi alwala. Huseina tana rakuɓe a bakin ƙofa, ta ji komai.

Ta ƙara kwana biyu. Ran na uku da safe numfashinta ya canza, kowa ya gane. Huseina ta ce yau ba inda za ta. Tsohuwa ba ta da ƙarfin ɗaga muciya, sai ta ɗaga yatsa guda ta nuna ƙofa, ta riƙe shi a sama yana rawa har yarinyar ta ɗauki jakarta. Da hantsi ya ɗaga Basharu ya fita kiran liman, aka bar ni da ita.

"Ta tahi?"

"Ta tahi, Inna."

Na matso na durƙusa. "Inna, ki yahe mani. Tsoro na ji."

Ta daɗe tana kallon jinka. Sannan ta ce, a hankali, kalma ɗaya-ɗaya, "Ke kinka kira shi, Rahmatu. Ke za ki san yadda kinka yi da shi."

Ba ta ƙara wata magana ta duniya ba. Liman na shigowa ya laƙƙana mata shahada, ta motsa leɓe, shi ke nan. Na juya maganar nan tata ta kowace fuska, ban samu yafiya a cikinta ba.

Ni da Maimuna muka yi mata wanka. Shekara goma sha biyar muna maƙwabtaka ban taɓa ganin kanta a buɗe ba. Da na zame ɗankwalin sai na ga tsakiyar kan ba gashi ko ɗaya, faɗin tafin hannu, fatar ta yi kanta ta yi tauri kamar dunduniyar ƙafa. Wurin zaman gammo ne. Maimuna ta ce, "Zuba ruwa mana, mi kika kallo?" Na zuba. Ba a kira Huseina ba sai da aka tashi makaranta. Ta iso ana ɗaukar makara.

Ban samu sukuni ba. Da maigidana ya shigo cin abinci na tsare shi.

"Malam, ka yi wani abu. Maganar mamaciya na bisa wuyana. In Basharu ya tahi da yarinyag ga ban san da wane ido zan ga Inna gobe kiyama ba."

"Wa yac ce ki aika?"

"Na yi kuskure, na ji. Ka yi wani abu, don Allah, ko mi na ne."

Ko mene ne, na ce. Ku riƙe wannan. Ya wanke hannu ya fita.

Ran sadakar uku aka yi addu'a aka raba gumba. Mu mata muna zaune a tsakar gidan marigayiya, maza suna 'yar rumfar ƙofar gida, zana kawai ta raba mu, ko tari aka yi muna ji. Da jama'a suka ragu sai muka ji muryar Malam Abdulgani.

"Malam Basharu, kwana goma sunka rage. Goma kacal. A ajin nan duka, maza da mata, ba wanda ya kai ta lissafi. Ka bar ta ta zauna."

"Malam, jan-baki sun san jarrabawa? Kwana biyar ke nan ina nan, ban san abin da zan ishe ba. In na ƙara goma, kara zan yanka."

"Sunanta na cikin rajista. In na kai magana gaba, kai ma ka san ba za ta yi daɗi ba."

"Kai ta. Kahin a aiko dogari mun ƙetare gulbi. A zo a ɗaure ni bisa ɗiyar yayana, in ga wanda zai ciyar da gidana."

Murya ta fara tashi, liman yana ba da haƙuri. Huseina tana gefena, ta cusa kai tsakanin gwiwoyi. Tawa kuma tana can wajen murhu tana wanke ƙore, tana 'yar waƙarta ƙasa-ƙasa. Sai na ji gyaran muryar maigidana.

"Basharu, tsaya. Kai yaro kaka so bisa rumfa, ko lalle sai Huseina?"

"Ni dai mai korar tsuntsu nika so."

"To ga tawa. Nana sa'arta ta, ta ma fi ta ƙwari, ga murya, talla ta buɗe mata maƙogwaro. Ka tahi da ita ta yi maka kwana arba'in ɗin. Huseina ta zauna gidana ta yi jarrabawarta. Inna Kubura uwa ta gare mu duka."

Sannan liman ya ce, "Allahu akbar! Wanga shi na zumunci. Allah shi saka maka, Malam Siddiƙu." Maza suka ɗauka da amin, amin.

Ni kuwa tunanina ya tafi can. Fadamar Kalgo! Sauron da ke can, da matsattsaku, da zazzaɓin da ke kwantar da manya, ga gidan da ba ta san kowa ba. Yarinyar da na cusa a rumbu don kada a raba ni da ita. Sai ga inuwar maigidana a bakin zana.

"Rahmatu, kin ji abin da na yanke. Kina da magana?"

Mata sun fi ashirin a tsakar gidan nan, duk suka juyo. Da ɗaya daga ƙannenta ne, wallahi da na yi birgima a ƙasa na ce ba inda za shi. Amma 'yar fari? A gaban mutane in buɗe baki in nuna ina sonta? Uwata ba ta taɓa yi a kan yayana ba, kakata ba ta yi ba. Da sai a yi shekara ana ba da labarina a gidajen biki, a ce Rahmatu ta zubar da kunya ta yi kuka a kan ɗiyar fari. Kuma ni na ce masa ko mene ne. Na ja mayafi na rufe fuska.

"Mi na nawa a ciki? Ɗiyarka ta."

Maimuna ta dafa kafaɗata. "Kai, Rahmatu akwai kunya. Haka iyayenmu sunka yi." Sauran suka yi ta yaba ni. Ƙarar ƙoren da ake wankewa ta tsaya, ban juya na duba ba.

Washegari bayan sallar asuba Basharu ya ɗaure wa jaki kaya. Na ƙulle mata fura shida a tsumma, da zanena mai kauri, da ɗan man shanu a gwangwani saboda kaushi. Ban ba ta da hannuna ba, ajiyewa na yi a kan turmi. Na ce da Huseina, "Ki ce ma ƙawarki ta riƙa rufe ƙafa da magariba. Kada ta sha ruwan gona sai na rijiya." Tana tsaye nan taku uku da ni, tana ji.

Ita ba ta yi kuka ba. Har da 'yar murnarta, wai za ta hau jaki, za ta ga gulbi da jiragen masunta. Huseina ce ke ta kuka tana cewa a bar ta ta tafi, ita ce ta Kalgo, ba Nana ba. Maigidana ya daka mata tsawa ta yi shiru. Yarinyar ta ɗauki ƙunshinta ta ɗora a ka, ta kai bakin zaure, sai ta tsaya ta juyo.

"Adda, to wa zai kai maki hura?"

Na duƙa ina gyara itacen murhu da ba abin da ya same shi. "Wuce, ana jiran ki."

Ta ɗan ƙara tsayawa. Sannan na ji takunta a zaure, na ji Basharu ya ce hau nan, na ji kofaton jaki a lungu har ya daina jiyuwa. Ko leƙe ban yi ba. Hayaƙi ya ba ni dalilin share ido.

Huseina ta tafi makaranta. Ni kuma hannuna ya kama aikinsa shi kaɗai. Na daka gero, na cura, na dafa, na kirɓa, na mulmula, na barbaɗe da gari, na jera a babbar ƙwarya har ta cika, na rufe da faifai. Na buɗe baki na ce, "Ke!" Ƙannenta biyu da ke wasan ƙasa suka ɗago suna kallona.

Na zauna. Hantsi ya wuce, rana ta take. Ina jin yaran maƙwabta suna wucewa ta bayan danga, mai dawo, mai alewa, kowa da kiransa. Marina suna can suna jiran furar gidan Malam Siddiƙu, na sani, kuma da cinikin furar nan nake sayen geron gobe da kayan miya. Ga baki ya ƙaru a gidan, ƙafa ta ragu.

Da azahar Huseina ta dawo. Ta yi sallama, ta rataye jakarta a ƙusa, ta dubi ƙwaryar, ta dube ni. Ba ta tambaye ni ba. Ta cire ɗankwalinta ta naɗe shi gammo, ta ɗora a ka, ta durƙusa ta kama ƙwaryar da hannu biyu. Kada in yi muku ƙarya, na bar ta ta ɗaga. Har ta miƙe da ita, har ta yi taku biyu. A raina ina cewa ai an tashi makaranta, ai yau kaɗai ne, ai marina nan kusa ne, wa zai ce wani abu?

"Aje."

"Adda, za ta yi tsami."

Ita ma Adda ta ce. Na ji abin har tafin ƙafata.

"Na ce ki aje. Ɗauko littahinki ki zauna nan inda nika ganin ki."

Ta sauke a hankali, ta warware ɗankwalin ta mayar kanta. Ta ɗauko littafin ta zauna a gindin dangar, tana bin layi da yatsa, leɓenta na motsi. Ban san abin da take karantawa ba, ban tambaya ba. Na zauna da hannu a cinya ina lissafin inda jaki zai kai war haka, ko sun samu inuwa, ko ta ci furar.

Inuwar danga ta matso ta rufe turmi, ta rufe ƙwaryar. Kaji suka zo suna zagaya ta. Ƙudaje suka taru a kan faifan, na kore su, suka tashi suka sake sauka.